Zumunta A Ƙafa Take: Mu Kewaya Ƙasar Gumel Da Sawunmu

 Yau filin namu zai ɗan fita daga madafi da ɗakin ɗinki, ya leƙa bayan gari. Tambaya ɗaya za mu fara yi miki, uwargida: yaushe rabonki da ki taka ƙasa da ƙafarki har tsawon sa'a guda cur, ba a bayan babur ba, ba a cikin a-daidaita-sahu ba? In kina zaune a cikin garin Gumel ko Maigatari, mai yiwuwa ne sai kin yi dogon tunani kafin ki ba da amsa. Kakanninmu ba su san wannan tambaya ba, domin su kasuwa a ƙasa suke zuwa, biki a ƙasa, gaisuwar mutuwa a ƙasa. Yau kuwa ko barka za a je a bayan layi, sai an aiki yaro ya kirawo ɗan acaɓa.

Abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da muke jin kunyar tafiyar ƙasa, muna ganinta alamar talauci, akwai ƙasashen da mutane ke tara kuɗi shekara guda domin su sami hutun da za su yi ta tafiya a ƙasa, kwana da kwanaki, ba direba, ba ɗan jagora. Bari mu ba ki labarin wani wuri irin wannan, sa'an nan mu dawo gida mu ga abin da za mu iya yi da namu.

MATAR DA TA SHATA HANYA A TSIBIRI

Can kudu da ƙasar Koriya ta Kudu akwai wani tsibiri da ake kira Jeju. Tsibiri, kamar yadda 'yan makaranta suka sani, ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. A tsakiyar Jeju akwai wani dutse mai suna Halla, wanda a zamanin da yake aman wuta, kuma shi ne dutse mafi tsawo a duk ƙasar. Matan wannan tsibiri sun yi suna wajen ƙwazo, domin tun kaka da kakanni su ne ke nutso a cikin teku, ba tare da tukunyar iska ba, su kamo abincin ruwa su ciyar da gida. Da yawansu sun haura shekara 60. A 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a tasu cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Wata 'yar wannan tsibiri mai suna Suh Myung-sook ta daɗe tana aikin jarida a Seoul, babban birnin ƙasar, har ta zama edita. Da aiki ya gajiyar da ita, sai ta ajiye shi, a 2006 ta tafi ƙasar Sifen ta bi tsohuwar hanyar masu ziyara ta Santiyago a ƙasa, kimanin kilomita 800. Tana cikin wannan tafiya sai tunanin gida ya zo mata, ta ga cewa ai tsibirin da aka haife ta bai gaza wannan wuri kyau ba. Da ta koma, sai ta tara 'yan'uwa da abokan arziki, suka shiga neman tsofaffin turbobin da masunta da manoma da mata masu nutso suke bi a da, suna sharewa da hannu, suna haɗa wannan da waccan. A watan Satumba na 2007 aka buɗe zango na farko. A 2012 hanyar ta gama kewaye tsibirin ta bakin teku. Zuwa 2022 ta kai zango 27, tsawonta kilomita 437.

Sunan da suka ba hanyar shi ne Olle, wanda a harshen mutanen tsibirin yake nufin ɗan lungun nan da ke tasowa daga ƙofar gida zuwa babban titi. Kin ga ke nan ba wani abu mai nisa suka nufa ba, lungun ƙofar gida ne aka yi ta jan sa har ya kewaye ƙasa.

Yadda ake bin ta ba wuya. An ɗaɗɗaura ƙyallaye biyu, shuɗi da ruwan goro, a jikin itatuwa da turaku, an kuma zana kibiyoyi a kan duwatsu. Mai tafiya ta bi shuɗiyar kibiya in gaba ta nufa, ta bi mai ruwan goro in ta baya ta ɗauko hanyar. Yawancin zangunan tafiyar yini ɗaya ne ko ƙasa da haka. Akwai ɗan littafi da ake buga wa hatimi a farkon zango da tsakiyarsa da ƙarshensa. Wata takan yi zango ɗaya ta koma gida sai wata shekara, wata takan yi wata guda tana tafe. Ƙauyukan da a da ba mai tsayawa a cikinsu sun sami baƙi, matan ƙauye suka buɗe masaukai da wuraren sayar da abinci.

A Birtaniya ma akwai irin wannan. Tsibirin Angilsi da ke yankin Wales yana da hanyar bakin teku mai tsawon mil 130, wadda akan kewaye cikin kwana 12. A can har akwai masu sana'ar ɗaukar kayan matafiyi da mota daga masaukin yau zuwa na gobe, shi kuwa ya taho a ƙasa da 'yar jakarsa da gorar ruwa.

BA BAƘON ABU BA NE A GARE MU

Kada ki ce wannan al'adar Turawa ce ko ta mutanen gabas. Fatakenmu a ƙasa suka je Gwanja suka kawo goro. Alhazan da, maza da mata, a ƙasa suka bi ta Barno da Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, wasu suka yi shekaru a hanya. A ƙasar Sakkwato kuwa, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa wata dattijuwa mai hankali ta zama jaji, ta ba ta malfa, ita kuma jaji ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyensu a ƙasa zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu su koma su koya wa matan auren da ke gida. Watau tafiyar mata a ƙungiya, da shugaba, da izinin gida, da manufa, tsohon abu ne a ƙasar Hausa.

NAMU TSIBIRIN

To, mu a arewacin Jihar Jigawa ba mu da teku, ba mu da tsibiri. Amma muna da ƙasar da za a iya kewayewa. Masarautar Gumel ƙananan hukumomi huɗu ne: Gumel a tsakiya, Maigatari daga arewa a bakin iyakar Nijar, Sule Tankarkar daga yamma, Gagarawa daga kudu maso gabas. In kin auna a taswira, daga Gumel zuwa Maigatari kilomita ashirin ne da 'yan kai. Daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar ta ƙauyuka wajen 30. Daga can zuwa Gagarawa ya haura 40, sa'an nan daga Gagarawa a dawo Gumel wajen 30. Jimla dai kusan sulusin hanyar Jeju ke nan. Mai yin kilomita 12 zuwa 15 a yini za ta gama cikin kwana goma, in ta ƙara kwana biyu na hutawa ya zama 12.

A nan ba wanda ya ɗaura ƙyalle a jikin itace. Alamominmu su ne turbar amalanke, da burtalin shanu, da bakin mutane. Matambayi ba ya ɓata, kuma a ƙasar nan da wuya ki yi tafiyar sa'a guda ba ki tarar da ƙauye ko rijiya ko ruga ba.

A Gumel za a faro. Kafin ki bar garin, ki san inda kike tsaye. Mangawa ne suka kafa wannan masarauta wajen 1750, ta daɗe tana bin Barno, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. A ƙarni na 19 ne aka dawo da fadar daga Tumbi zuwa inda take yanzu, aka sha gwabzawa da Haɗejiya da Damagaram, har zuwan Turawa a 1903. A watan Maris na 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya yada zango a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta cewa garin babbar kasuwar kanwa ce. Kanwar da kike jefawa a miyar kuka tana da tarihi a wannan gari. Ki leƙa ƙofar fada, ki bi ta Ƙofar Arewa, ki kama hanya.

Ki tsara tafiyar yadda za ki tashi ran Talata, ki kwana a hanya, ki shiga Maigatari ran Laraba, domin ran Alhamis kasuwar ke ci. Wadda ba ta taɓa ganin karar Maigatari ba, ta ji labari ne kawai. Raƙuma, da shanu, da dawaki, da jakuna, da tumaki da awaki, daga Nijar da Cadi da sauran wurare, ga manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Ga Buzaye da rawunansu, ga Fulani, ga Barebari, ga fatake daga Legas da Anaca. Gefe guda ga buhunan riɗi da na zoɓo, waɗanda daga gonakin nan namu suke tafiya har ƙasashen waje. Uwargida mai 'yar sana'a a gida, yini ɗaya a wannan kasuwa zai nuna miki farashin da ake sayar da abin da dillaliya ke saye a hannunki. Wannan kaɗai ya isa ya biya wahalar tafiya.

Sai dai a kula, Maigatari bakin iyaka ne. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, aka buɗe ta a Disamba na 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris na 2024. Saboda haka akwai jami'an kwastan da na shige da fice a hanyoyin yankin. Kowa ta riƙe katin shaidarta, kada kuma a bi turbar da ba a san inda ta nufa ba ta arewacin gari, domin gona da gona ne, kina iya tsallakawa Nijar ba ki sani ba. Wayarki ma takan kama layin Nijar a wasu wurare.

Daga Maigatari sai a karkata yamma zuwa ƙasar Sule Tankarkar, inda garuruwa irin su Danzomo da Jeke da Danladi suke. Nan ne jigawa take amsa sunanta: rairayi mai laushi da ke cin ƙafa, da tuddai, da gonakin gero da wake da aka girbe. Ki rage sauri a nan, ki buɗe ido. Ga gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa, yana kore shar da rani, ya zubar da ganye da damina, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. Ga kuka, ga aduwa, ga magarya da kurna da yara ke tsinka, ga goriba wadda da kabarta ake saƙa tabarmar da kike zama a kai. Ga dakwara mai fid da ƙaro. Za ki kuma ga layukan darbejiya da aka dasa domin tare iska da hamada, gama Jigawa tana cikin jihohi 11 na arewa da ke fuskantar kwararowar hamada. Abin da kike ji a rediyo, a nan za ki gan shi da idonki, inda rairayi ya hau gona.

Zangon da ya fi tsawo shi ne na zuwa Gagarawa, sai a raba shi kwana uku ko huɗu. Gagarawa biyu ce, akwai Gari akwai Tasha. Tasha ta samo sunanta ne daga layin dogon da ya taso daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya isa Nguru a 1930. Ta wannan layi aka yi ta kwasar gyaɗar ƙasar nan zuwa bakin teku a zamanin da gyaɗa ke riƙe da arewa. Ki nemi wata tsohuwa a garin ta ba ki labarin lokacin cinikin gyaɗa, da yadda mata ke ɓare ta, da abin da aka saya da kuɗinta. Daga nan sai a juyo arewa, kwana biyu a shigo Gumel.

ME ZA A SAMU?

Na farko lafiya. Hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa sun yi yawa a cikin matan birni, kuma likitoci sun tabbatar yawan zama wuri ɗaya yana cikin abubuwan da ke jawo su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a kowane mako, watau rabin sa'a sau biyar, yara da 'yan mata kuwa sa'a guda kullum. A da daka da niƙa da jan ruwa sun ɗauke mana wannan. Yanzu inji ya karɓi turmi, famfo ya karɓi guga, amma tuwon da muke ci bai ragu ba. Tafiya cikin hanzari tana taimaka wa zuciya, tana rage suga a jini, tana kawo barci mai daɗi, tana kuma sauƙaƙa damuwar da mace kan tara a ciki ba ta gaya wa kowa ba.

Na biyu zumunci. Yau mun mai da gaisuwa ta waya, har ta'aziyya a waya ake yi. Amma ki tuna gwaggonki da ke ƙauye, wadda rabonki da ita tun bikinki. In kin je a mota, minti talatin direba zai fara matsa oda. In kin je a ƙasa, kin kwana a ɗakinta, kun yi hira har dare, 'ya'yanki sun san nata. Da yawa daga cikin tsofaffin nan ba za su jira mu shekaru masu yawa ba.

SHIRIN TAFIYA

Lokaci. Watan Disamba da Janairu ne suka fi dacewa. An gama kaka, hanyoyi sun bushe, rana ba ta da zafi, makarantu kuma suna hutu. Kada a kuskura a yi wannan tafiya da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura awo 40, ga kuma sanƙarau. Da damina kuwa shuka ta rufe turba, ga sauro, ga macizai. A tashi da an idar da sallar asuba gari ya fara haske, a sauka kafin ƙarfe 11. A kan ƙasa mai tauri mace takan yi kilomita huɗu a sa'a, a cikin rairayi uku. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango gaba, a zauna a huta.

Izini. Ki zauna da maigida tun da sauran lokaci, ki shimfiɗa masa tsarin duka: ga waɗanda za a tafi da su, ga inda za a kwana kowace rana, ga wanda zai kula da yara, ga ranar dawowa. Namiji ya fi saurin yarda da abin da ya ga an tsara. In ya ce zai taka muku zango ɗaya ko biyu, to, madalla, shi ma tumbinsa zai gode miki. In ya ce kwana goma sun yi yawa, ki nemi biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Abokan tafiya. Wannan ita ce doka mafi girma: ba mace ɗaya, ba mata biyu. Ko a Jeju, inda ake ganin akwai kwanciyar hankali, a watan Yuli na 2012 an kashe wata mata da ta fita ita kaɗai a zango na farko, abin da ya sa aka ƙara tsaro, aka kuma gargaɗi mata su daina tafiya su kaɗai. Ku zama biyar zuwa takwas, da dattijuwa guda a matsayin jaji, wadda in ta ce a tsaya za a tsaya. A sami namiji muharrami ɗaya ko biyu, wa ko ƙane ko babban ɗa. Kafin a tashi kowace safiya a tambayi mutanen gari lafiyar hanyar da ke gaba, in an ce akwai wata fitina, a hau mota a tsallake wannan zango, ba abin kunya ba ne. Kada a baza labarin inda za a kwana a Facebook ko WhatsApp, a bari sai an dawo.

Masauki. Ku zauna ku lissafa dangi da surukai da ƙawayen makaranta da ke kan hanya, za ku yi mamakin yawansu. A aika musu tun da mako biyu. Inda ba ku da kowa, namijin da ke tare da ku ya fara zuwa gaida mai unguwa ko dagaci, shi zai nuna gidan da mata za su sauka. Kada ku zama nauyi ga masu masauki. Mutum takwas ba ƙaramin baki ba ne a gidan manomi, saboda haka ku tafi da awonku, da tsarabar sabulu da gishiri da suga da ashana, ku kuma sa hannu a aikin gida.

Kaya. Abin da Bature ke biyan mota ta yi masa, mu amalanke ko yaro mai babur zai yi mana: ya wuce gaba da tabarmi da barguna da gidan sauro da awo, ya jira a masauki. Ke kuwa abin da za ki riƙa bai wuce 'yar jaka ba. A ciki a sami ruwa lita biyu ko fiye, da dabino, da ƙuli-ƙuli, da aya, da soyayyar gyaɗa, da dambun nama in da hali. Fura da nono za ki samu a hanya. A sha ruwan famfon burtsatse, in na rijiya ne a tafasa. A riƙe gishiri da suga saboda gudawa: ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. A riƙe filasta, da maganin ciwon kai, da tocila, da man kaɗanya saboda faso da tsagewar leɓe. A cika waya da caji duk inda aka samu wuta.

Takalmi. A nan ne yawancin tafiya ke lalacewa. Silifa ba za su yi ba, domin ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa suna jira. Sabon takalmi kuma zai yi miki bororo tun ranar farko. Ki sami kambas mai ɗan yalwa, ki yi mako biyu kina sa shi da safa a gida. Kowace safiya ki zazzage shi kafin ki sa ƙafa, saboda kunama tana son ɗumi. Zane ko doguwar riga ta auduga mai sakin jiki, da mayafi mara nauyi da za ki iya rufe hanci da shi in ƙura ta taso, da rigar sanyi ta asuba. Gwal da sarƙa su zauna a gida.

Ladabin hanya. A yi sallama ga duk wanda aka tarar. Kada a ratsa gonar da ba a kwashe amfaninta ba, ko a tsinki kankana ko zoɓon wani. In an haɗu da garke a burtali a ba shi hanya. Kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Ledar ruwa da ta biskit a mai da su jaka, domin akuya kan ci leda ta mutu.

Mai juna biyu, da mai jego, da mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ko sikila, kada ta fara sai ta ga likita, a Babban Asibitin Gumel ko asibitin da ya fi kusa da ita. Mai shan magani kullum ta riƙe abinta. Kowa kuma ta fara gwaji tun wata guda kafin tafiya: rabin sa'a a makon farko, sa'a guda a na biyu, har ta iya yin sa'a uku ba ta galabaita ba.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Ke da kike aji uku ko aji biyar, kina iya zana taswirar Afirka da ka, amma in an ce ki faɗi ƙauyuka biyar tsakanin Gumel da Maigatari sai ki yi shiru. To, ga dama ta samu. Ki roƙi Inna ko Yaya su tafi da ke, ko ku gaya wa malamarku ta nemi izinin shugabar makaranta da na iyaye a yi zango ɗaya da ku. Ki tafi da littafi da biro. A kowane gari ki rubuta sunansa da dalilin sunan, da abin da ake nomawa, da ranar kasuwa, da zurfin rijiya gaba nawa, da nisan makarantar 'yan mata mafi kusa. Ki tambayi tsofaffi wane itace ne a da yake da yawa yanzu babu. Ki ƙirga 'yan mata sa'anninki da kika gani da tallar fura a lokacin da ke kike aji, ki tambayi kanki me za ki yi musu in kin zama malama ko nas ko likita. Abin da za ki tara a kwana biyu ba ya cikin littafin kowa, kuma wata rana za a neme shi. Amma ki ji da kyau: ba ki rabuwa da ayari, ba ki hawa babur ɗin wanda ba ki sani ba, ko da ya ce Baba ne ya aiko shi.

WADDA BA TA SAMI FITA BA

Mun san akwai 'yan'uwa da yawa da ke cikin kulle, ko masu goyo, ko masu jinyar tsofaffi, waɗanda ko kwana ɗaya ba za su iya barin gida ba. Ke ma ba a bar ki a baya ba. Tsakar gidanki ita ce tsibirinki. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar, ki kewaya ta cikin hanzari na rabin sa'a, ke da abokiyar zamanki ko 'ya'yanki. In an ba ki izinin zuwa unguwa da magariba, ki ce wa ɗan acaɓa ya huta, ki taka da 'yar rakiya. Kilomita biyu a yini, cikin wata biyu da 'yan kwanaki kin yi tsawon kewayen ƙasar Gumel ba ki bar unguwarku ba.

Waɗanda kuma suka sami yin tafiyar, ko zango ɗaya ne, muna roƙonku ku rubuto wa wannan fili: ta ina kuka bi, sa'a nawa kuka yi, ina ruwa yake, ina inuwa take, wace turba ce ta fi rairayi. In wasiƙunku suka taru, za mu jera su a nan domin masu zuwa baya su amfana. Hanyar Jeju ma da zango ɗaya ta fara, kuma mace ce ta fara ta.